Kaifi da Hantarsa

Duk mai sayen nama a babbar rumfar mahauta ya san teburin da ke kusa da famfo, ya kuma san mai shi. Kaifi ake ce masa. Tun yana saurayi yake fawa, ga shi yanzu furfura ta cinye gemu, amma har yau in ya ɗora wuƙa a gaɓa ba ya maimaitawa. Yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: hanta mai bororo ba ta hawa teburinsa. Da an feɗe akuya ko tunkiya a mayanka, hanta yake fara ɗagawa, ya juya ta a haske, ya bi ta da babban yatsa. In ya ji ƙululu, ko ya ga jakar ruwa ta yi fari a jikinta, sai bokitin shara, tun kafin malamin dabbobi ya ƙaraso. Wasu mahautan kan gutsure wurin su sayar da sauran. Kaifi kuwa ko ƙanen babansa ne ya yi haka a gabansa sai ya tona shi. Da wannan dokar ya yi suna, da ita ya ciyar da gidansa.

To, kowace shekara hukumar kasuwa kan tura masu taɓa abincin jama'a asibiti a duba lafiyarsu. A ɗebi jini, a auna, a leƙa ido, a sallame ka. Bana sai aka ƙara da cewa duk wanda ya manyanta a yi masa hoton ciki. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe cikin dabba, sai ga shi kwance rigingine a siririn gado, riga a naɗe har ƙirji, an shafa masa wani abu mai sanyi da yauƙi, mai ɗaukar hoto yana goga masa na'ura a ƙarƙashin haƙarƙari. Da ya bar idonsa a rufin ɗaki da an zauna lafiya. Ina! Sai da ya karkato wuya ya kalli allon.

"Hanta ce wannan," in ji Kaifi.

"Ita ce, Baba. Ja numfashi ka riƙe."

"Waɗancan baƙaƙen ɗigon fa, masu zagaye?"

"'Yan jakunkunan ruwa ne, ƙanana. Ka zauna a benci, likita za ta yi maka bayani."

Jakar ruwa a hanta! Kaifi ya ji kamar an kwara masa ruwan ƙanƙara. Ya goge cikinsa, ya saki riga, ya fito ya ga bencin cike da mutane, ya wuce su ya yi waje. Wane bayani kuma? Hantar da ya riƙa da hannunsa ta fi gashin kan likitar yawa. Ya san abin da ake yi da irin wannan, shi ne ma mai yi.

Washegari da safe ya zo rumfa bai biya mayanka ba. Ya wanke teburinsa tas, ya kankare kututturen sara, ya wanke wuƙaƙe da gatari ya naɗe a buhu. Gajere, maƙwabcin teburinsa, wanda ba ya wuni bai tsokane shi ba, ya tsaya da ƙafar saniya a kafaɗa yana kallo.

"Yaya dai, tsoho? An naɗa ka gwamna ne za ka bar mana talauci?"

Da Kaifi mai ƙumbiya-ƙumbiya ne, da sai ya ce baya ke masa ciwo. Amma bai iya ba. Ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji, har da matan da ke ciniki.

"Jama'a, ku shaida. An duba ni an ga jakar ruwa a hantata. Da idona na gani. Kun san dokata. Abin da ban yarda ya hau teburina ba, ba zan tsaya a bayan teburin da shi a cikina ina taɓa naman da 'ya'yanku za su ci ba. Ku yafe ni."

Gajere ya sauke naman da ke kafaɗarsa, bakinsa a buɗe. Shugaban mahauta ya taso ya kama hannun Kaifi ya ja shi gefe.

"Haba Kaifi! Wannan ai maganar cikin ɗaki ce. Ka je ka nemi magani, amma ka san ba a barin tebur ya zauna haka. Mutane na layin jira. In wata ya mutu ba ka dawo ba, ba yadda zan yi."

Magana zarar bunu ce. Kafin azahar jakar ruwa ta zama ciwon hanta mai kama mutane. Kafin la'asar ta zama ciwon daji, har an sami wanda ya rantse tun bara ya ga idon Kaifi ya yi rawaya. Mai Ludayi, matar da ke da gidan abinci a bakin kasuwa, wadda ita ce babbar mai sayensa, ta sa aka sake wanke duk tukwanenta da ruwan zafi.

A gida Kaifi ya ware kofinsa da kwanonsa, ya hana jikoki hawa cinyarsa. Matarsa, Maman Auta, ta zuba masa ido daga kan keken ɗinkinta har ta gaji. Da rana ta yi sanyi ta tsayar da keken, ta cire tabarau.

"Baban Auta, wai me likita ta ce?"

"Me za ta ce? Na gani da idona."

"Na ji ka gani. Ita me ta ce?"

Ya kau da kai. "Ban tsaya ba."

Ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Innalillahi! Ba ka tsaya ba? Ka yi wa kanka hoto, ka yi wa kanka likita, ka yi wa kanka shela a kasuwa, saura ka yi wa kanka wanka ka haƙa rami! Kai tunkiya ne? Ciyawa kake ci?"

"Hanta hanta ce, Maman Auta. Ta mutum da ta dabba duk Allah ɗaya ya yi su."

Sai a nan muryarsa ta karye. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban bijimi mai faɗa. Ga kuma baƙin ciki, don teburin nan shi ne duk abin da ya sani a duniya. Ta ga haka, ta sassauta, amma ba ta janye ba.

"Gobe ƙafata ƙafarka. In likita ta ce bokitin shara, ni zan ɗauko maka bokitin."

Ya yarda, amma da nasa shirin. Da safe ya biya mayanka, ya roƙi malamin dabbobi ya ba shi hantar tunkiya ɗaya daga cikin waɗanda aka hana sayarwa, ya ƙulle a leda kan leda, ya cusa a aljihun babbar riga. Maman Auta ba ta sani ba sai da suka zauna a gaban likita. Likitar matashiya ce, ba za ta girmi Auta ba, tana da sanyin magana. Ta buɗe hoton a kwamfuta, ta ce ta yi ta cigiyarsa ranar nan. Kafin ta rufe baki Kaifi ya zaro ƙullinsa ya dire a kan teburinta, kusa da kwalbar biro.

"'Yata, kada ki wahalar da kanki wajen lallashi. Ga irinta nan na kawo miki."

"Na shiga uku," in ji Maman Auta. "Likita, ki yi haƙuri. Wallahi ban san da ita ba."

Likita ta leƙa ledar, ta dubi Kaifi, ta danne dariya. "Baba, mahauci ne kai?"

"Tun ba a haife ki ba."

"To, ka kyauta da ka kawo. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma da ka tsaya ranar nan ni ma da na yi maka ita."

Ta ɗauko faranti na ƙarfe, ta sa safar hannu ta ba shi tasa, ta miƙa masa 'yar wuƙar asibiti. Ta ce tunda ya fi ta iya yanka, ya buɗe mata jakar a hankali, kada ruwan ya fallatsa. Kaifi ya juya wuƙar ya taɓe baki, don a ganinsa ko farce ba za ta yanka ba, amma ya tsaga. Bangon jakar fari ne mai kauri kamar dafaffen farin ƙwai. A ciki ga wani tsaki-tsaki kamar yashi, ga wasu ƙananan jakunkuna suna iyo.

"Ka ga wannan?" in ji likita. "Gidan tsutsa ne. Tsutsar tana zama a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, tunkiya ta ci a ciyawa, ya je hanta ya yi gida. Shi ya sa bangon ke da kauri, shi ya sa take da 'ya'ya a ciki. Yanzu dubi taka."

Ta juyo masa allon ta ƙara girman hoton. Kaifi ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa.

"Ina bangon?" ta tambaye shi.

Ya ƙura ido. "Ban ga bango ba. Sai dai ɗan layi siriri."

"Ina 'ya'yan? Ina yashin?"

"Babu. Baƙi ne sumul."

"Ruwa ne zalla, shi ya sa ya fito baƙi. Irin wannan ba tsutsa ke kawo ta ba, ba kuma abin da ka ci ba ne. Yawanci da tushenta ake haifar mutum, sai girma ya zo ta ɗan tara ruwa. Mutane da yawa na yawo da ita ba su sani ba har su tsufa, sai in an yi hoto don wani dalili a ci karo da ita. Ba ciwon daji ba ce, irin wannan kuma ba ta rikiɗa ta zama shi. Ba ita ce ciwon hantar da ake ɗauka ta jini ba, wannan mun gwada ka, ba ka da shi. Hantarka na aikinta daidai."

"Magani fa?"

"Ba ta buƙata. Sai in ta yi girma sosai har kana jin nauyi ko ciwo a nan dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ko ka ƙoshi da wuri. In ka ji haka ka dawo. Naka kuwa ƙanana ne, babbar cikinsu ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba."

Sai Kaifi ya yi tambayar da ta fi cin ransa. "Naman mutane fa? In na taɓa?"

"Ba abin da zai fita daga hantarka ya shiga nama. Ko da mai tsutsar ce ma, mutum ba ya shafa wa mutum. Kare ne hanyarta. Abin da zan roƙe ku a mayanka shi ne kada irin wannan hantar ta kai bakin kare, a ƙone ta ko a binne da zurfi." Ta cire safar hannu. "Amma tunda aikinka cikin dabbobi ne, kuma karnuka ba sa rabuwa da mayanka, zan ƙara maka gwajin jini ɗaya na tsutsar, don mu rufe ƙofar gaba ɗaya."

Kwanakin jiran sakamakon sun yi masa tsawo. Hoton ya kwantar masa da rabin hankali, ɗaya rabin yana asibiti. Ranar da suka koma likita ta tare su da murmushi tun daga ƙofa, ta ce gwajin bai nuna komai ba, ga hoto ga jini duk bakinsu ɗaya. Maman Auta ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Kaifi ya fito harabar asibiti ya ji iska na shiga ƙirjinsa har ƙasa. A hanya ya tsaya ya saya wa jikoki alewa, da suka isa gida ya ɗora biyu a cinya ɗaya a wuya.

Sai dai wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Washegari ya yanka raguna masu kyau, ya rataye cinyoyi a ƙugiya, ya jera hanta da ƙoda a gaba, ya wasa wuƙa har tana ƙara. Mahauta suka yi masa barka. Masu saye kuwa sai su zo daidai famfo, su gaishe shi da ladabi, su yi masa sannu da jiki, su wuce teburin gaba. Ya nuna takardar asibiti, suka gyaɗa kai ba su karanta ba. Ya yi bayani, bango mai kauri da bango siriri, kare da tunkiya, suka ce Allah ya ƙara sauƙi. Nama ya wuni yana baƙi a ƙugiya. Da yamma Gajere ya kwashi rabi ya sayar masa a nasa teburin, bai ko tsokane shi ba, wannan kuwa ya fi komai yi wa Kaifi ciwo.

Haka aka yi ta yi, ga wata na shirin mutuwa. Shugaba ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ka dawo, na gani. Amma tebur ba ciniki ai kamar ba kowa ne, Kaifi. Mutanen layi sun dame ni. Gobe wani zai zo ya duba wurin."

Kaifi ya koma gida ya faɗa wa matarsa, ya ƙara da cewa baki shi ke yanka wuya, kuma nasa ya yanka. Ita dai ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari da hantsi, lokacin da rumfa ta fi cika, Kaifi na zaune yana korar ƙuda, mutumin da ke son teburin na tsaye da Shugaba suna auna faɗinsa da ido, sai ga Maman Auta da kwandon cefane. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa taka rumfar nan ba, don matar mahauci nama ke iske ta a gida. Ta ratsa mutane ta tsaya a gaban teburin mijinta kamar ba ta san shi ba, ta buɗe murya.

"Mai nama! Yanko mini hanta. Da hannunka nake so, kada ka sa leda."

"Maman Auta, lafiya?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ciniki na zo yi." Ta juya ta fuskanci matan da suka fara tsayawa. "Ku da kuke sannu kuna wucewa, ku dube ni da kyau. Kwano ɗaya nake ci da mutumin nan tun ina da ƙuruciya. Likita ta ce da abin aka haife shi. To, in ana ɗauka, wa ya kamata ya fara faɗuwa? Ga ni nan, ƙofar ɗaki ma da ƙyar nake shiga. Na haifa masa 'ya'ya, 'ya'yan sun haifa, duk naman hannunsa suka ci suka zama ƙatta. Ku kanku shekara nawa kuna ci? Wa ya mutu a gidanku?"

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce wallahi gaskiya ne, ita da naman Kaifi ta yaye 'ya'yanta duka.

"Laifinsa ɗaya," Maman Auta ta ci gaba, "ya ɗauka shi tunkiya ne. Ya ga abu a cikinsa, bai jira an tambaye shi ba ya fito ya faɗa muku, ya naɗe wuƙarsa don kada ya cuce ku. A duk rumfar nan ku nuna mini wani da zai yi haka. Mutumin da ya jefar da kansa saboda ku, shi ne zai sayar muku da mugun nama?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai Ludayi, wadda ke tsaye a teburin Gajere da babbar robarta, ta tako a hankali har gaban Kaifi. Mace ce da ba ta sayen abu sai ta juya shi ciki da bai.

"Kaifi, tsakaninka da Allah. Jakar ta fita?"

Da ya ce ta fita da an wuce wurin. Amma Kaifi ne.

"Tana nan, Hajiya. Da ita zan mutu, amma ba ita za ta kashe ni ba, kuma ba ta fita ta shiga tukunyar kowa. In kina shakka, likitar na nan, ki je ki tambaye ta."

Mai Ludayi ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dire robarta a kan teburin, tim.

"Cinyoyin nan duka. Ka sara mini yadda ka saba, don tun da ka tafi ake ba ni ƙashi da sunan nama."

"Kai, Hajiya!" in ji Gajere daga can. "Ni ne mai ƙashin?"

Kafin a gama dariya tsohuwar nan ta miƙo kwanonta, wata ta turo ta bayanta, wani ya ce a ajiye masa ƙoda. Kaifi ya sauke cinya daga ƙugiya ya ɗora a kututture. Daɗi ya cika shi. Ya tsaya ya ja numfashi, ya share ido da bayan hannu a gaban kowa bai ji kunya ba, sannan ya ɗaga gatari ya sauke a gaɓa.

Shugaba ya kutso ta cikin mata, mai son tebur na biye da shi yana waige-waige.

"To, Kaifi, maganar wurin nan fa?"

Kaifi bai ko ɗago kai ba.

"Shugaba, don Allah matsa gefe, kana tare mini masu saye."